DAGA KAMU ZUWA MITA: TARIHIN AWON TSAWO A GARIN MINNA

 A wannan fitowa filinmu na tarihi zai taɓo wani abu da kullum muke tare da shi, amma ba kasafai mukan tsaya mu tambayi asalinsa ba, watau awon tsawo. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, duk wanda ya saba zama wurin sulhu a zauren dattawa, ko a Limawa ne, ko Makera, ko Sabon Gari, ya san cewa ƙarar fili ba ta yankewa. In kuwa aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar ba wanda ya yi nufin cutar wani. Mai saye ya yi ciniki da ƙafa, dillali ya auna da takunsa, shi kuwa safiyo ya rubuta takarda da mita. Ranar da za a haƙa harsashi sai rigima ta tashi.

Wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowa a garin nan. Mu da iyayenmu da kakanninmu suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da sauran ƙasar Hausa, ba mu da gonar gado da za mu nuna mu ce ga tsamiyar da kakan kakanmu ya shuka, ita ce iyaka. Abin da muka mallaka a nan saye ne, hujjarmu kuwa takarda ce. To, takardar yau da mita take magana, alhali kuwa bakinmu har gobe bai saki ƙafa da yadi da mil ba. Don haka ya kamata mu san yadda aka yi muka wayi gari da ma'auni iri biyu, da kuma yadda ake juya ɗaya zuwa ɗaya.

AWON KAKANNI

Kafin zuwan Turawa, ma'aunin Bahaushe yana jikinsa. In zai auna saƙi ko zane, sai ya yi amfani da kamu, watau daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, abin da littattafan Larabci ke kira zira'i. In abin ƙarami ne, sai ya buɗe yatsunsa ya ƙirga ɗani ko taƙi. In igiya ce ko zurfin rijiya, sai ya ware hannuwansa duka biyu, daga wannan yatsa zuwa wancan, shi ne gaba ɗaya. Har yanzu masu haƙar rijiya da gaba suke ciniki, kuma har yanzu in muka ga mutum mai zurfin ciki mukan ce rijiya gaba dubu. Gona da filin gida da taku ake zagaya su. Tafiya mai nisa kuwa ba a ƙirga ta da tsawon ƙasa, sai da zango, watau abin da ayarin fatake zai iya ci a yini guda kafin ya sauke kaya. Daga nan ne ma unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara da sauran garuruwan kurmi suka samo sunan Zango.

Wannan awo yana da daɗin aiki, domin ba wanda ke mantawa da hannunsa a gida. Amma aibinsa a fili yake: hannun wani ya fi na wani. Dattawa kan ba da labarin yadda mai sayen zane kan zo kasuwa da dogon mutum ya auna masa, mai sayarwa kuma ya nemo gajere. Abin da ya riƙe cinikin a wancan zamani shi ne sanin juna da tsoron Allah, domin kowane almajiri ya karanta surar da ta yi kashedi ga masu tauye ma'auni.

Akwai kuma wani mil da malamanmu suka sani tun kafin Bature ya kawo nasa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, tafiyar da ake yi wa ƙasaru ita ce barid 4, watau mil 48. Sai dai a lura, wannan mil na fiƙihu da zira'i aka ƙiyasta shi, ba ɗaya yake da mil na Ingilishi ba. Saboda haka wanda ya ɗauki 48 ya juya ta kai tsaye da lissafin mil na Turawa ya haɗa abu biyu da sunansu kaɗai ya zo ɗaya. Wannan fanni na malamai ne, su za a tambaya.

RELUWE TA KAWO MIL

Minna ƙasar 'yan'uwanmu Gbagyi ce, waɗanda muka fi sani da Gwari, kuma a da a kan duwatsu suke zaune. Garin da muke ciki yanzu, na ƙasan dutse, reluwe ce ta haife shi. A shekarar 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne ɗan ƙasar Kanada, aka fara shimfiɗa layi daga Baro a bakin kogin Kwara, da nufin kai shi Kano. Layin ya ratsa ta Minna, ya isa Kano a 1911. Ɗaya layin kuma da ya taso daga Ikko ya biyo ta Jebba da Zungeru, ya zo ya haɗu da shi a nan Minna, sa'an nan a 1912 aka haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya. Gadar Jebba ba ta kammala ba sai 1916. Kafin nan a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragu.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Yawancin waɗanda suka haƙa ƙasa suka ɗauki kwando a wannan yanki, Nufawa da Gbagyi, ta hannun sarakuna aka ɗebo su, ba da son ransu ba. A bayan layin kuma sai ga namu sun biyo: leburori, mahauta, masu tuwo-tuwo, fatake, dillalai da malamai. Da aka shiga haƙar zinariya a wannan lardi a shekarun 1930, wasu ƙarin jama'a suka kwararo. Da yawa daga gidajen da ke cikin ƙungiyarmu nan ne mafarinsu.

Duk abin da ya shafi wannan layi da ma'aunin Ingilishi aka yi shi. Masu awo suna jan wata sarƙa mai tsawon ƙafa 66, in an ja ta sau 80 an yi mil ɗaya. Daga Baro zuwa Minna mil 111 ne, daga Baro zuwa Kano kuma mil 356. Tazarar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa 3 ce da inci 6. A nan ne kakanninmu suka fara jin kalmomin inci da yadi da mil, suka kuma fassara ɗaya daga ciki suka ce ƙafa. Tsarin kuwa sai an haddace: inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya, watau ƙafa 5,280.

Kantunan Turawa da na Kwara suka ƙarasa aikin. Mai kanti ba ya karɓar kamu, sandar yadi ce a kan teburinsa, har ta kai ga sunan ma'aunin ya koma sunan hajar, muka wayi gari muna ce wa tufafin da ba a ɗinka ba yadi. Mil ma haka ya shiga bakin mutane har ya zama sunan wuri. Ga Miltara a Kano, ga Milgoma kusa da Zariya, ga kuma kasuwar Mil Sha Biyu a Ikko, inda 'yan'uwanmu ke sauke tumatir da albasa da tattasai.

MINNA CE CIBIYAR AWON ƘASA

Akwai wani abin alfahari da yawancin mazauna garin nan ba su sani ba. Lokacin da Turawan mulki suka so zana taswirar Nijeriya bisa ƙa'ida, dole suka nemi wuri guda da za a ce daga nan aka fara, duk sauran wurare kuma a danganta su da shi. Wurin da aka zaɓa, wajen ƙarshen shekarun 1920, yana nan ƙasar Minna. Wata alama ce da masu awo suka sa wa lamba L40, a ƙarshen wani miƙaƙƙen layi da suka auna da matuƙar kula. Daga wannan layi suka yi ta ƙulla kusurwoyi daga dutse zuwa dutse har suka game ƙasa. Shi ya sa tsarin ya ɗauki sunan garin, ake ce masa Minna Datum. Duk ɗalibin safiyo a Nijeriya ya san wannan suna, ko da bai taɓa taka garin ba, kuma in mai karatu ya duba gefen takardar filinsa, mai yiwuwa ya gan shi a rubuce.

Lissafin girman duniya da aka ɗora wannan aiki a kansa na wani Baturen Ingila ne, Kanar Alexander Clarke, wanda ya fitar a 1880, kuma da ƙafa ya yi shi. A nan akwai abin mamaki. Ƙafar da Clarke ya yi aiki da ita ta gaza ƙafar da ake amfani da ita yau da ɗan kaɗan, abin da bai kai santimita ɗaya da rabi ba a cikin mil guda. A fuloti ɗaya wannan ba kome ba ne, amma a tafiyar mil 100 ya kusa mita ɗaya da rabi. Ashe su kansu masu ƙafar, ƙafarsu ba ɗaya ba ce. Sai a shekarar 1959 Ingila da Amurka da Kanada da wasu ƙasashen da ke aiki da wannan ma'auni suka daidaita a kan cewa yadi ɗaya shi ne mita 0.9144 cif, inci ɗaya kuma milimita 25.4. Watau tun daga ranar, yadi da kansa da mita ake auna shi.

ASALIN MITA

Ita mita Faransawa ne suka ƙirƙiro ta, bayan juyin juya halin da suka yi a 1789. A lokacin kowane lardi na ƙasarsu da irin nasa ma'auni, talakawa kuma suna kuka da cutar da ake yi musu. Sai masanansu suka ce a samo ma'aunin da ba hannun sarki ba ne, ba kuma ƙafar wani ba. Suka ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu, suka kasa shi gida miliyan 10, kashi ɗaya suka kira shi mita. A 1799 suka ƙera sandar ƙarfe mai wannan tsawo suka adana. A ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Faris a kan yarjejeniyar mita. Tun daga 1983 kuwa ba a dogara da sanda, da gudun haske ake ƙayyade tsawonta.

Abin da ya sa mita ta ci duniya shi ne sauƙin lissafi, domin kome goma-goma yake tafiya: milimita 10 santimita ɗaya, santimita 100 mita ɗaya, mita 1,000 kilomita ɗaya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da yake Faransa ce ta mulke su, sun riga mu saninta da shekaru masu yawa. Direban da ya saba ƙetare iyaka a da ya san cewa da ya wuce Jibiya ko Illela, alamun hanya sun daina ƙirga mil. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma kowa da ma'aunin wanda ya mulke shi.

Ingila da kanta ta ba da sanarwar komawa ga mita a 1965, ƙasashen da ta raina kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. A Nijeriya abin ya faɗo a zamanin Janar Yakubu Gowon, cikin jerin canje-canje uku da dattawanmu ba za su manta ba. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. Ranar 1 ga Janairu, 1973, fam da sule suka kau, naira da kwabo suka zo, fam ɗaya naira biyu. A cikin waɗannan shekaru kuma aka shiga sauya ma'auni, aka kafa Dokar Awo ta 1974, alamun hanya suka koma kilomita, littattafan lissafi na makaranta suka koma mita. Yaran da suka shiga firamare a shirin ilimi kyauta na 1976 da mita suka buɗe ido. Daga nan ne aka sami gida ɗaya, uba yana lissafi da ƙafa, ɗa yana yi da santimita.

KASUWA TA ƘI SAKIN YADI

Canjin hannu ya zauna a rana ɗaya, domin wanda ya ƙi bi zai haɗu da mota gaba da gaba. Canjin kuɗi ma ya zauna, ko da yake an daɗe ana ciniki da fam a kara, har yau kuma akwai masu ce wa naira 200 jaka. Amma canjin ma'auni rabi ya tsaya. Ofis ya karɓa, makaranta ta karɓa, kasuwa ta ce a kai kasuwa.

Mai karatu ya zagaya garin nan ya gani da idonsa. Tela yana da tef mai fuska biyu, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan, amma da inci yake rubuta wuya da hannu da tsawon riga. Magini yana neman bulo mai inci 9 ko mai inci 6, alhali a zanen injiniya an rubuta milimita 225 da 150. Kafinta yana sayen katako tu-bai-fo da ƙusa mai inci 3, amma in aka zo kan rodi sai ka ji ana cewa 12 ko 16, watau milimita. Tsofaffin kanikawa sun tuna lokacin da Bedford da Austin ke buƙatar sifana ta inci, kafin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 da motocin Japan su cika gareji da lamba 10 da 12 da 14. Tayar mota ma ta haɗa biyun a layi ɗaya. In ka ga an rubuta 195/65 R15, to 195 faɗin taya ne da milimita, 15 kuwa girman rim ne da inci.

Layin dogon da ya kafa garin nan shi ma an sake masa suna a takarda. Ƙafa 3 da inci 6 ta koma milimita 1,067, mil 111 na Baro ya koma kilomita 179, amma ƙarfen yana nan inda aka dasa shi. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, wanda asalinsa ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Bambancin inci 14 da rabi ne kacal, amma ya isa ya hana jirgin wancan layi hawa namu.

A wajen 'yan yadi, atamfa har gobe turmi yadi 6 ne, watau mita 5 da santimita 49. Amma akwai manyan shaddoji da mita ake sayar da su. Mita ta fi yadi da kusan inci 3 da rabi. Wanda ya biya kuɗin mita 10 aka yanka masa yadi 10, an rage masa santimita 86, ya kusa yadi guda ke nan. Sai ya je wurin tela a ce masa wando ba zai fita ba, ya koma yana zargin tela.

INDA ABIN YA FI CIWO

Duk waɗannan ƙananan asara ne in aka gwada da fili. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, fili ya yi daraja. A 1978 aka kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, ta kuma sa takardar shaidar mallaka ta zama babbar hujja. Ita wannan doka da hekta take magana, ba da eka ba. Da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, darajar fili a wannan yanki ta ƙara hawa. Abin da a da maƙwabta za su ce a bar shi don zumunci, yanzu kuɗi ne masu yawa.

To, ga lissafin, a bi shi sannu. Fulotin da dillalai ke kira fifti-bai-handired, watau ƙafa 50 faɗi, ƙafa 100 tsawo, in aka juya shi daidai, mita 15.24 ne da mita 30.48. In aka buga su, murabba'in mita 464.5 ke nan. Amma saboda sauƙi, masu yanka fili da yawa sukan zubar da 'yan ɗigon, su yanka mita 15 da mita 30, wanda ya ba da murabba'in mita 450. A baki duk fifti-bai-handired ake ce musu. A ƙasa kuwa bambancin murabba'in mita 14 da rabi ne, daidai da ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 13. Ɗaki guda cur, wanda a unguwanninmu shago ne ko ɗakin haya. In aka dubi abin ta fuskar mai gona, filin da zai fitar da fuloti 31 na cikakkiyar ƙafa, shi ne zai fitar da 32 na mita 15 da 30.

Ba muna cewa fulotin mita 15 da 30 haramun ba ne. In an faɗa wa mai saye, ya ji ya yarda, ciniki ya halatta. Inda matsala take shi ne a yi magana da ƙafa a yanka da mita ba tare da bayani ba. Mai saye ya zo da magininsa da tef, ya auna ƙafa 50 daga turken farko, sai ya shiga filin maƙwabci da wajen inci 9. Na biyu shi ma ya matsa, na uku ya matsa. Kafin a kai fuloti na goma an ci kusan ƙafa 8, mutumin ƙarshe ya tarar filinsa ya tsuke, ko kuma a cinye hanya. Lungunan da mota ba ta iya shiga a wasu sababbin unguwanni, wani lokaci haka suka samo asali.

Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan muni. Ƙafa 100 da ƙafa 100 murabba'in mita 929 ne. Mita 100 da mita 100 kuwa hekta guda ce cif, murabba'in mita 10,000, ya ninka na farko fiye da sau goma. Takardar cinikin da aka rubuta “100 x 100” kawai, ba a ce ƙafa ba, ba a ce mita ba, gobara ce aka ajiye wa magada. Mun ga irinta a rabon gado: mai fili ya rasu, shaidu sun rasu, takarda ta yi shiru a daidai inda ake bukatar ta yi magana.

YADDA AKE JUYAWA

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Ga abin da ya kamata kowane magidanci ya riƙe, ko ya rubuta a bangon shagonsa:

Inci 1 santimita 2.54 ne. Ƙafa 1 santimita 30.48 ce. Yadi 1 santimita 91.44 ne. Mil 1 mita 1,609 ne. In kuma daga mita za a taso, mita 1 inci 39.37 ce, ko ƙafa 3.28. Kilomita 1 kuwa mil 0.62 ce.

Wanda zai mai da ƙafa mita, sai ya buga ta da 0.3048. Wanda zai mai da mita ƙafa, sai ya buga ta da 3.28. Don lissafin ka, ba na takarda ba, a riƙe waɗannan uku: mil 5 kilomita 8 ne, mita 10 ta kusa yadi 11, ƙafa 10 kuma ta ɗara mita 3 da kaɗan. Wannan “kaɗan” ɗin a tafiya ba ya cutarwa, a yadi a iya yafe shi, amma a fili kada a yarda a zubar da shi, domin shi ne ɗakin nan da muka lissafa ɗazu.

Shawararmu ga 'yan ƙungiya ita ce, duk wanda zai sayi fili ya je da tef, kada ya yarda da taku. A rubuta tsawo da faɗi a takardar ciniki da ma'auni biyun, ƙafa da mita, kowanne da sunansa a gefen lambarsa, shaidu su sa hannu a kan haka. A nemi safiyo mai rajista ya dasa turakun siminti kafin a zuba bulo ko ɗaya. Kada kuma a dogara da lambobin da wayar hannu ke nunawa a ce an gano iyaka, domin tsarin da waya ke bi daban yake da tsohon tsarin Minna, bambancinsu a ƙasa ya kan haura mita 50. Waɗanda ke riƙe da tsofaffin takardun iyayensu da aka rubuta da ƙafa, su fito da su tun dattawan da suka shaida cinikin suna raye, a auna, a daidaita, a rubuta. Matasanmu da suka yi karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke garin nan, wadda aka kafa a 1983, da sauran makarantu, wannan hidima ce da za su iya yi wa iyayensu ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kakanninmu sun iso garin nan da kamu da gaba, suka tarar da mil da yadi, suka koya, suka ci abinci da su. Mu da muka tarar da mita ba mu da uzurin ƙin koyonta, balle ma a garin da aka fara awon Nijeriya daga cikinsa. Zaman lafiyarmu da masu masaukinmu, da kuma tsakanin junanmu, ya fi ƙarfin inci tara na katanga.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin maƙwabci, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wurin zama, Ya kuma bar mu da zumunci. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.